Sojan Gona a Cinikin Fili: Yadda Ake Sayar da Dukiyar Mutum Bai Sani Ba

Duk wanda ya saba ratsa sababbin unguwannin Kano, Kaduna ko Abuja ya sha cin karo da rubutun jan fenti a jikin katanga ko ƙofar kango, mai cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, wani lokaci har da ƙarin gargaɗin a yi hattara da 'yan 419. Mun saba da rubutun har ya daina ba mu mamaki, alhali abin da yake faɗa babba ne: mai gida yana tsoron a sayar da gidansa yana raye, yana cikin hankalinsa, takardunsa kuma suna kulle a akwati. Lambar 419 ta samo asali ne daga sashe na 419 na kundin dokar laifuka ta kudancin Najeriya, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara.

Damfarar fili iri-iri ce, kuma haɗa su a kwando ɗaya yana hana a gane maganin kowace. Akwai mai fili na gaskiya da zai sayar wa mutum biyu ko uku fuloti ɗaya. Akwai wanda zai buga takardar bogi a kan filin da gwamnati ta ware wa makaranta, maƙabarta ko hanya. Akwai kuma wadda ta fi su wuyar ganewa, wato sojan gona, inda filin yake na gaske, takardar ta yi daidai da abin da ke rubuce a ofis, sunan ma na mai filin ne, mutumin da ya zo ya sa hannu ne kawai na ƙarya. A kowane ciniki na fili abu uku ne ke haɗuwa, mutum da takarda da ƙasa, kuma ɗan damfara yana rayuwa ne a cikin tazarar da ke tsakaninsu, domin ya san yawancinmu idan muka tabbatar da ɗaya sai mu ɗauka sauran biyun ma sun tabbata.

Na ga wannan da idona a kan fulotin gwaggona, wanda ya faɗo mata a rabon gadon mijinta a wata unguwa da ke bayan garin Kano. Wani dillali ya taɓa zuwa ya ce yana da mai so, ta ba shi kwafin takardar ciniki don ya nuna, aka taya, kuɗin bai yi mata ba, magana ta mutu, kwafin kuma bai dawo ba. Bayan kusan shekara biyu, wani mai buga bulo da ke maƙwabtaka da filin ya kira ta a waya ya ce, "Hajiya, ashe kin sayar ba ki faɗa mana ba?" Da muka isa mun tarar an sauke yashi tifa biyu, an haƙa harsashin ɗaki uku, wani malamin firamare yana tsaye a kan leburori. Ya ɗauko takarda daga aljihu, ga sunan gwaggo cikakke, ga dangwalen yatsa, ga sa hannun shaidu biyu. Jikinsa na rawa ya ce, "Wallahi Mama, na ga Hajiyar da idona, a Adaidaita Sahu aka kawo ta, da niƙabinta." Gaskiya ya faɗa, ya ga wata Hajiya. Kunyar da ta hana shi neman dattijuwa ta buɗe fuska, ko ya nemi matarsa ta duba masa ita da katin shaidarta, ita ce ƙofar da aka shigo ta ciki.

Masu wannan sana'a ba sa zaɓen fili da ka. Suna neman wanda mai shi ya yi nisa ko ya yi rauni: ɗan kasuwar da ke zaune a Saudiyya ko Legas, ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, tsohon da ciwo ya kwantar, matar da ba ta fita, marayun da ba su san iyakar abin da mahaifinsu ya bari ba. Fili fetal ko kangon da ciyawa ta cinye ya fi musu sauƙi, saboda babu ɗan haya ko mai gadi da zai tambayi baƙo abin da ya kawo shi. Daga nan sai tattara bayani, kuma da ɗan gari akan ci gari, domin sunan mai fili da lambar fayil da girman fuloti ba sa fitowa sai daga hannun wanda ya taɓa riƙe takardar, ko dillali ne, ko ɗan'uwa, ko mai shagon kwafi, ko wani gurɓataccen ma'aikaci. Sai a haɗa katin shaida mai sunan mai filin da hoton wani, a saka filin a kasuwa ta bakin dillalai uku ko huɗu da kowannensu ya ji ne daga wani, ta yadda wanda ya kawo mai saye zai iya rantsuwa bai san komai ba kuma rantsuwarsa ta zama gaskiya. Farashin kan sauka ƙasa da na unguwar, a haɗa shi da labari mai taɓa zuciya, cewa Alhaji yana asibiti ana neman kuɗin aiki ko kuma za a rufe biyan kuɗin kujerar Makka jibi, a ce ga wani nan zai kawo kafin alƙalami da yamma. Gaggawar ita ce makamin, saboda bincike yana cin kwanaki, su kuwa kwanakin nan ne ba za su iya bayarwa ba.

Kada a ɗauka rashin ci gabanmu ne kaɗai ya jawo wannan. A shekarar 2021 wani limamin coci a Ingila yana aiki a arewacin Wales maƙwabta suka sanar da shi ana motsi a gidansa na garin Luton, ya dawo ya tarar an canza makullai, an kwashe kayansa, wani magini kuma yana yi wa sabon mai gidan aikin gyara. An yi amfani da lasisin tuƙi mai sunansa, an buɗe asusun banki da sunansa, an sayar da gidan fam 131,000, har ofishin rajistar ƙasa ya sauya suna, kuma sai a 2023 aka mayar masa da sunansa. A Amurka ma, a garin Fairfield na jihar Konetikat, an sayar da filin wani likita dala 350,000 a 2022 da takardar wakilci ta jabu da aka ce shi ya sa mata hannu daga Afirka ta Kudu, bai sani ba sai da ginin gida na kusan dala miliyan ɗaya da rabi ya yi nisa a kai. Waɗannan ƙasashe suna da rajista mai tsari, amma rajista tana tabbatar da sunan mai fili ne kawai, ba ta ganin fuskar wanda ya zo yana cewa shi ne mai sunan.

Namu yanayin ya ƙara da wani rauni da ya samo tushe daga yadda ake mallakar ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa kuma tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya a sashe na 315, ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ɗan ƙasa ke riƙewa shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda ake ba da shaidarsa da takardar da kowa ke kira C of O, galibi na shekara 99 idan filin gidan zama ne. A Abuja kuwa ƙasar ta gwamnatin tarayya ce tun dokar kafa birnin ta 1976, kuma kotuna sun sha nanata cewa ministan birnin ne kaɗai ke da ikon raba fili, abin da ya jefa dubban masu riƙe da takardun ƙananan hukumomin yankin cikin ruɗani. To amma mafi yawan filayen talakawa ba su taɓa shiga wannan tsari ba. Awon igiya ne, wato gona ce aka yanka fuloti-fuloti, shaidarta takardar ciniki da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa ko dagaci. Ƙiyasin da aka fi ambata tun zamanin kwamitin gyaran harkar ƙasa da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje shi ne cewa ƙasar da ke da rajista a Najeriya ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba. Inda babu fayil, babu inda za a je a duba, sai ƙwaƙwalwar mutane, mutane kuwa suna mutuwa, suna ƙaura, wasu kuma ana sayensu.

Ko a filin awon gwamnati akwai tsagar da a ganina ta fi kowace haɗari, kuma mu masu filaye mu ne muke barin ta a buɗe. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a sayar da fili mai takardar gwamna ko jinginar da shi sai da amincewarsa, sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ba shi da inganci, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙarfin wannan sharaɗi a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989. Amma saboda tsadar kuɗin amincewa da na hatimi da na rajista, ga kuma jeka-ka-dawo na watanni, mutane da yawa sukan saya su karɓi takardar asali da takardar wakilci su ajiye, ba su sauya suna ba. Sai fuloti ya ratsa hannu biyar cikin shekara 20, fayil ɗinsa a ma'aikatar ƙasa yana ɗauke da sunan wanda aka fara bai wa. Duk wanda ya iya shiga rigar wannan mutum na farko, ko magajinsa marar tsoron Allah, zai iya zuwa kotu ya yi takardar rantsuwa cewa takardarsa ta ɓata ko ta ƙone, ya karɓo rahoton 'yan sanda, ya buga sanarwa a wani lungun jarida da ba wanda zai karanta, ya nemi kwafin da hukuma ta tabbatar. Daga ranar yana riƙe da takarda mai hatimin gaske, kuma idan mai saye ya je bincike, fayil zai gaskata ɓarawon. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan tsaga kuwa tana nan a dubban fayiloli.

Idan abin ya kai gaban alƙali, asalin hukunci yana tare da mai fili na gaskiya. Ƙa'idar dokar boko ita ce mutum ba ya bayar da abin da ba nasa ba, don haka duk cinikin da aka gina a kan sa hannun jabu rusasshe ne komai kyawun niyyar mai saye. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa C of O ba hujja ce yankakkiya ba, ana iya kayar da ita idan wani ya tabbatar da haƙƙinsa ya riga ta. Tun a 1976, a shari'ar Idundun da Okumagba, kotun ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa, kuma takarda ɗaya ce kawai daga cikinsu, sauran sun haɗa da tarihin asalin filin, ayyukan mallaka na tsawon lokaci, daɗewar riƙo, da mallakar filin da ke jikinsa. Fiƙihun Malikiyya da kotunan Musulunci ke aiki da shi ya tafi a kan hanya mai kama da wannan: cinikin mai shisshigi ba ya zartuwa sai mai abu ya yarda, idan kuma ya tabbatar da abinsa ne zai karɓe, mai saye ya bi wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa.

Sai dai wannan kariya tana da wa'adi, kuma nan ne masu filaye da yawa ke yin sakaci. A babin hauzi na fiƙihu, wato daɗewar riƙon abu a hannun wani, idan mutum yana gari, yana ganin wani bare yana gini ko rushewa a filinsa, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru har shekara 10, ba za a saurari ƙararsa ba, tsakanin 'yan'uwa kuma wa'adin yakan kai shekara 40. Dokokin boko ma suna da nasu wa'adin shigar da ƙara, kuma alƙalai ba sa tausaya wa wanda ya zuba ido ana kashe kuɗi a filinsa sai da gini ya kai linta ya fito. Ko ba wa'adi, shari'ar fili tana iya cin shekaru daga babbar kotu zuwa ta ɗaukaka ƙara, shaidu su tsufa, kuɗin lauya ya kusa kai kuɗin fulotin.

Gidan gado yana buƙatar a tsaya a kansa, domin sojan gonar da ake yi a cikinsa ba ya buƙatar katin bogi. Babban wa ne zai fito da takardun mahaifi ya ce shi ne wakilin magada, alhali ba a raba gado ba, ƙannensa mata suna gidajen aurensu, wasu ƙananan ma ba su balaga ba. Sunansa na gaskiya ne, wakilcin ne na ƙarya. Mai sayen irin wannan gida ya nemi takardar rabon gado ta kotu, ya ga kowane magaji ko halastaccen wakilinsa, ya kuma ji daga bakin matan kai tsaye. Jinkirta rabon gado shekara da shekaru da sunan zumunci ya jawo asarar haƙƙin marayu da zawarawa fiye da yadda muke son amincewa.

Mai fili da ke son tsare abinsa zai fara ne da abin da ba ya cin kuɗi sosai, wato ya bar alamar cewa filin yana da mai shi. Katanga ko da layi huɗu ce, turakun awo a kusurwoyi, shuka ko ɗan ɗakin mai gadi, da ziyara a kai a kai, duk suna korar mai neman banza, kuma su ne kotu ke ƙirgawa a matsayin ayyukan mallaka. Ya san maƙwabtan filin ta gabas da yamma, kudu da arewa, su san fuskarsa, su riƙe lambar wayarsa, ya kuma gabatar da kansa ga mai unguwa. Takardar asali ta zauna a wuri amintacce, kuma duk kwafin da zai fita a rubuta a kan fuskarsa da biro wanda aka bai wa da dalili da kwanan wata, yadda ba zai sake kwafuwa da tsabta ba. Tura hoton takarda a zaurukan WhatsApp na dillalai daidai yake da raba mukullin gida a kasuwa. Bayan wannan sai babban aiki, wanda shi ne sauya suna a fayil da yin rajistar takardar ciniki komai ɗacin kuɗin, da biyan harajin ƙasa da sunansa yana adana rasiɗai, da sabunta adireshi da lambar waya da hoto a hukumar adana bayanan ƙasa, ko AGIS ce a Abuja da aka kafa a 2003, ko KADGIS a Kaduna, ko KANGIS a Kano. Mai filin awon igiya ya sa safiyo mai lasisi ya auna masa, ya fara neman takardar gwamnati. Wanda ke zaune a wata ƙasa ya sa lauya ya duba masa fayil sau ɗaya a shekara, idan ya ji ƙishin-ƙishin kuma ya shigar da takardar gargaɗi cewa kada a taɓa fayil ɗin sai ya bayyana da kansa. Idan ya zama dole ya naɗa wakili, takardar wakilcin ta faɗi ƙarara cewa kula ce kawai ba sayarwa ba, ta kuma zama mai wa'adi.

Mai saye kuwa ƙa'idarsa ɗaya ce: kowace shaida ta fito daga hanyar da mai sayarwa ba ya iko da ita. Lauyan ya zama nasa, binciken fayil ya zama shi ya biya ya karɓi sakamakon daga hukuma, safiyon ya je filin ya gwada lambobin turaku da na taswira, shi kuma ya koma unguwar wata rana ba tare da dillali ba ya tambayi maƙwabta wane ne mai filin da yadda kamanninsa suke. Ya nemi takardar asali ya riƙe a hannunsa, ya gwada hoton da ke fayil da fuskar da ke gabansa, ya nemi a tantance lambar NIN, idan mace ce mai lulluɓi ya zo da mace ta gan ta. Hatimin mai unguwa shaida ce mai amfani, amma ba ya maye gurbin ɗaya daga cikin waɗannan. Kuɗi kuma su bi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takarda, kuma da ma dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. Duk wanda ya ce a tura asusun ɗansa ko na dillali saboda nasa yana da matsala, a dakata da cinikin nan take.

Idan ɓarnar ta riga ta auku, hanya biyu ake bi a tare. Ta laifi ita ce kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC, kuma dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara, ban da hukuncin jabun takardu da sojan gona da ke cikin kundin Final Kod na Arewa. Amma 'yan sanda ba sa yanke hukuncin wanda ke da fili, wannan aikin kotu ne, kuma filin da ke da takardar gwamna babbar kotun jiha ce ke da hurumin sauraren ƙararsa bisa sashe na 39 na dokar 1978. A rubuta wa hukumar ƙasa nan da nan ta daskarar da fayil, a nemi umarnin kotu na dakatar da gini, a ɗauki hotuna masu kwanan wata, a kuma guji ɗebo matasa a rushe ginin, domin hakan yana mayar da mai gaskiya wanda ake tuhuma.

Akwai abin da hukumomin jihohi za su iya yi wanda bai fi ƙarfinsu ba. Ofishin rajistar ƙasa na Ingila yana da tsari kyauta da mutum zai sa a riƙa sa masa ido a kan gidaje har 10, a aika masa saƙo duk lokacin da wani ya nemi taɓa fayil ɗinsu. Ƙasar da bankunanta ke turo saƙon waya a kan cirar naira 500 ba za ta gaza turo wa mai fuloti saƙo ba idan wani ya zo da rantsuwar ɓatan takardarsa. Haɗa kowane fayil da lambar NIN da zanen yatsa, ajiye tarihin duk ma'aikacin da ya buɗe fayil, da rage kuɗin sauya suna har ya zama talaka zai iya biya, su ne za su toshe tsagar da na ambata, domin muddin bin doka ya fi ƙarfin aljihun mai fuloti ɗaya, fayiloli za su ci gaba da ɗaukar sunayen mutanen da suka daɗe da sayarwa ko suka daɗe a kabari.

Fulotin gwaggo ya dawo hannunta bayan zama uku a gaban dagaci, saboda takardar asali tana wurinta, ɗaya daga cikin shaidun cinikin mijinta yana raye, mai buga bulo da sauran maƙwabta kuma sun tsaya sun ce ita suka sani. Dillalin ya rantse shi ma wani ne ya kawo masa maganar, matar mai niƙabi da shaidunta biyu ba a sake jin ɗuriyarsu ba, lambar wayarsu ma ta daina shiga. Malamin ya yi asarar kuɗin da ya tara daga adashi da bashin ƙungiyar ma'aikata, har yanzu ana cire masa daga albashi. Gwaggo ta saye yashin da bulon da ya riga ya sauke don ta rage masa zafi, da su aka ja katangar da ke kewaye da filin yanzu.